Korayen Ƙudajen Bayan Danga

Akwai wata dattijuwa mai bandar kifi a wani ƙauyen masunta kusa da Illo, sunanta Atika. Daga tsallaken Dahome ta zo bayan rasuwar mijinta, a shekarar da aka samu 'yancin kai. Sarkin Ruwa Namadi ya ba ta ɗan fili a bakin Kwara, ta zauna lafiya lau da kowa.

Da damina ta kankama, sai wasu korayen ƙudaje suka addabi unguwar, manya-manya kamar ƙwayar gyaɗa. Kafin kifi ya sha hayaƙi sun yi masa ƙwai, tsutsa ta gama da shi.

Maƙwabcinta Attahiru, wanda ya ƙaro jiragen kamun kifi a shekarar har yana tafiya yana buɗa hannu, ya rantse ƙazantar baƙuwa ce. Ya kai ƙara wajen Sarkin Ruwa a tashe ta.

Abin ya yi wa Atika ciwo ƙwarai, don in an kore ta ba ta da wurin zuwa. Amma ba ta yi cacar baki ba.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, ƙuda ba ya ƙara girma in ya yi fiffike. Abin da ya ci yana tsutsa shi ne girmansa. A ɗebo ƙasar bayan dangata da ta Attahiru, mu ga wadda ke kiwon waɗanga ƙattai."

Aka zuba kowace a ƙwarya, aka ɗaure bakin da ƙyalle, aka ajiye a zauren Sarkin Ruwa.

Ita Atika dama cikin busasshen yashi take binne kayan cikin kifi, ta bi da toka. Shi kuwa gogan naku, inuwa mai laima ya samu yana tulawa, ga kamu ya yi yawa.

Bayan 'yan kwanaki aka buɗe. Daga ƙwaryar Atika wasu 'yan tsiraru suka fito, ƙanana, kamar sun sha yunwa. Ta Attahiru kuwa tun ba a kwance ba ake jin kuka, ana ɗaga ƙyalle sai ga ƙattai, buuu! Zaure ya kwashe da dariya.

Sarkin Ruwa ya tambayi Atika me take so a yi wa Attahiru. Ta ce a bar shi. Da la'asar ta ɗauko kwandon toka ta yi sallama a ƙofar Attahiru.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, bayan abin da na yi miki?"

Ta ce, "Kifinka da nawa ƙuda ɗaya ke ci, ɗana. Ɗauko fartanya."

Darasi: Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka nuna baƙo da yatsa, leƙa bayan dangarka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su ƙaru.