Kamun Biri da Kamun Ɓera

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, mun kasa kunne.

Kasuwa ta ƙi Biri da Ɓera da Bushiya, sai suka haɗa sana'a: Biri ya auna, Ɓera ya yanka, Bushiya ta ɗinka. Biri sarkin cika baki ya bi daji yana shela, wai kowa zai samu riga daidai jikinsa.

Kura ta zo neman rigar salla. Biri ya auna ta da dogon hannunsa, ya aika wa Ɓera cewa kamu shida. Gogan naka bai tambayi kamun wa ba, ya miƙa ɗan guntun hannunsa ya yanka shida.

Bushiya ta ce, "Anya, Malam Ɓera?"

Ya ce, "Ke dai ɗinka, awo ba aikinki ba ne."

Ran salla riga ko kunnen Kura ba ta rufe ba. Biri ya haye bishiya, Bushiya ta dunƙule.

Ɓera ya ce, "Ranki ya daɗe, shida aka ce, shida na yanka."

Kura ta ce, "To, sa ta mu gani."

Ya sa, ta zauna masa cif. Ta lamushe shi har da rigar.

Ƙurunƙus, kan ɓeran ma yana cikin Kura.