Ƙyauren Ladingo da Gara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce, Ladingo. 'Yarta Shekara ta zo wankan gida da jaririnta tun kafin suna, damina kuwa ta yi tsaka. Kullum in an gama wankan jego, Ladingo ba ta watsar da ruwan zafi sai ta yi bisimilla ta ce, "Masu ƙasa, a kauce!" Maƙwabta har dariya suke mata.

Ana nan, sai ƙyauren ɗakin maijego ya ƙi rufuwa. A tura, ya cije. A ja, ya cije. Iska mai sanyi ta yi ta shiga, jariri ya kama tari, har ya ƙi nono. Hankalin Ladingo ya tashi.

Ta ce, "Ƙyaure, me na yi maka?"

Ya ce, "Ruwan damina na sha, Inna, gindina ya kumbura."

Ta kira Rago. Ya ja da baya, ya gabza karo, gwaf! Ƙyaure ko gezau. Rago ya tafi kansa na juyawa.

Ta kira Giwa. Giwa ta jingina kafaɗa, bango ya fara tsagewa. Ladingo ta ce, "Rufa min asiri, Giwa, ɗakin ke nan gare ni!"

Ta zauna ta yi tagumi, jariri na ta tari. Sai ta ji 'yar murya daga ƙasa: "Inna, in gwada?" Ta duba, ashe Gara ce.

"Ke? A ba kura ajiyar nama? Ki cinye min ƙyaure, in tare iska da me?"

Gara ta ce, "Gidanmu na nan inda kike zubar da ruwan jego. Ba don kina cewa a kauce ba, da 'ya'yana sun dahu tuni."

Jariri ya sake tari. Ladingo ta runtse ido ta ce, "Bisimilla."

Gara ta kira 'ya'yanta, suka bi gindin ƙyauren, ƙus-ƙus-ƙus. Itacen fa da daɗi, kun san gara da katako! Amma da suka cinye kumburin, uwar ta ce, "Ya isa!" Suka sauka suna haɗiyar yawu.

Ladingo ta tura da ɗan yatsa, ƙyaure ya rufu ruf. Ɗaki ya yi ɗumi. Can sai ta ji tarin jariri ya ɗauke, shiru. Ta leƙa da sauri, ashe yaro nono yake sha.

Ta durƙusa da hawayen murna ta ce, "Na gode, Gara, na gode! Allah ya raya naki kamar yadda kika raya nawa." Ranar suna, kafin a raba wa kowa nama, sai da ta kai wa Gara damin kara.

Kun ji, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya saka ta.