Igiyar da Hafizu Ya Manta

Akwai wani matashi a Mile 3, Fatakwal, sunansa Hafizu. Ɗalibin injiniya ne, kansa na ja, amma fa akwai ji da kai!

Aka haɗa shi aiki da wata 'yar ajinsu, Rahama, kan wata na'ura mai kama da tulu, wadda igiyar ruwa ke ɗagawa tana saukewa har ta ba da lantarki. Hafizu ya tsara ta a kwamfuta. Rahama kuma ta ɗaure ƙaramin samfurinta a tankin gwaji, tana auna wutar da yake bayarwa.

Sakamako ya ƙi haɗuwa. Kwamfuta ta ce wuta da yawa, tanki ya ce kaɗan.

A gaban malaminsu da 'yan aji Hafizu ya ce, "Kwamfuta ba ta ƙarya. Abeg, wadda ba ta iya awo ba ta koma gida ta auna garin tuwo."

Aka kwashe da dariya. Malam ya ce in Rahama ba ta gano kuskurenta ba, za a cire sunanta daga aikin. Ta sake gwaji, abin da ta samu jiya shi ta samu yau.

Ran nan Hafizu na rumfar mahaifinsa, Baba Na'Allah mai albasa, yana cika baki wai duk motsin igiya ya lissafa.

Tsohon ya ce, "Wace igiyar kuma? Ta ruwan, ko wadda kuka ɗaure abin da ita? Ni ban gane ba."

Nan take Hafizu ya farga. Ashe samfurin Rahama a ɗaure yake, igiya na riƙe shi. Nasa na kwamfuta kuwa a sake yake kamar akuyar da ba mai ita. Da ya saka igiyar ɗaurin a lissafi, sai ga sakamakonsa ya sauko ya dace da nata.

Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya same ta a bakin tanki, ya kasa ɗaga kai.

"Rahama, ki yafe mini. Kuskuren nawa ne."

Ta ce, "Na yafe tun ranar. Amma a gaban mutane ka aike ni awon gari, can za ka je ka dawo da ni."

Washegari ya miƙe a aji, ya faɗi gaskiya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Darasi: Kafin ka ƙaryata wanda ya gwada da hannunsa, duba abin da ka manta a naka lissafin. Kuma inda ka zubar wa mutum mutunci, nan za ka kwashe masa. Ku tura wa wani ya amfana.