Tsohuwar Kwamfuta da Rigar Saƙi

"Wai kwamfutar nan fuska biyu gare ta, ko idona ne?" Haka na ji wani baƙo ya tambayi maigidana a zaure, ina bayan ƙofa da tiren shayi. Dariya kawai ya yi masa. Ni da aka yi abin a gabana, bari in faɗi yadda na gani, ko da yake karatuna bai yi nisa ba.

Surukata, Inna, tana da ƙanwa a Zangon Kumasi, Goggo Tabawa. Tun da aure ya raba su ba su sake haɗuwa ba. Da damina aka aiko cewa Goggo tana kwance, jiki ya yi tsanani. Inna ba ta iya doguwar tafiya, idonta kuma ya yi yana, in an miƙa mata waya ba ta ganin komai sai haske. Ta tara 'ya'yanta uku ta ce, "Muryarta na sha ji. Fuskarta nake so in gani kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu. Wanda ya nuna mini ita, shi zan ba rigar saƙin babanku."

Babban, Yaya Ɗahiru, ya sauko da wata tsohuwar kwamfuta mai faɗin gilashi da ta daɗe da daina tashi. Ya sa mata wani tsarin aiki wai shi Linux, ya zaɓa mata fuska marar nauyi, wato yadda abubuwa ke fitowa a gilashi, mai hoton ɗan ɓera a kusurwa. Kwamfuta ta farfaɗo, kira ya shiga Kumasi lafiya lau. Sai dai komai a cikinta ƙanana ne. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce ba ta gane kowa ba.

Mai bi masa, Yaya Sabi'u, ya ƙara wata fuskar a kan ta farko, mai alamar haƙoran inji. Ita ce ta zo da madubin da ke ƙara wa abu girma. Aka gwada da wani tsohon hoton Goggo, Inna ta ga har tsagar kumatunta. Amma da aka kira, kwamfuta ta ɗau zafi tana nishi, hoto ya daskare. Kayan fuskokin kuma suka cakuɗe, komai ya zama bibbiyu.

"Ka ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi," in ji Yaya Ɗahiru. "Goge taka."

"Yaya, ɓeran nan naka ko kyanwa ba ta ganinsa, balle Inna. Goge taka dai."

Autan Inna, wato maigidana, bai ƙara fuska ta uku ba. Cewa ya yi kada a goge ko ɗaya. Ya zauna ya kashe abubuwan da ke tashi da kansu suna cin ƙarfin kwamfutar. A wurin shiga, inda ake zaɓen fuska, ya zaɓi ta ɓera, daga ciki ya kirawo madubin ɗayar, ya ɗora shi a kan kiran.

Jikar Goggo ta riƙe waya a can. Fuska ta cika gilashi, tana motsi.

"Tabawa, ke ce kika tsufa haka?"

"Yaya, ke ma ai ba amarya ba ce."

Inna ta sa yatsa tana bin tsagar a hankali. Suka yafi juna, suka yi dariyar wani ɗan akuya da ya ɓace musu suna yara. A cikin makon ne Allah ya yi wa Goggo rasuwa.

Bayan an share makoki Inna ta fito da rigar, ta ajiye a gefen gado, har yau tana nan. Ba don na farko ba, da kwamfuta ba ta tashi ba. Ba don na biyu ba, da babu madubi. Na ukun bai kawo komai nasa ba, amma a hannunsa abin ya yiwu.

Ran nan ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce, "'Yar nan, ke da kike ganin komai ba kya magana, wa zan ba?" Na sunkuyar da kai. Ina da amsa a raina, amma ɗayansu mijina ne, biyun kuma yayyensa. Na ƙudurta ba wanda zai ji ta daga bakina, ko shi kansa.

To ku da ba ku cin tuwon gidan nan, wa Inna za ta yafa wa rigar?