Ranar da Faruk Ya Yini Yana Ɗaga Wayar Maman Obinna

Akwai wani malamin firamare a Fagge mai suna Malam Hadi. Shi ne admin na zauren WhatsApp na magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallo ta unguwa. Dokar zauren ɗaya ce: a soki wasa yadda aka ga dama, amma ban da zagi, ban da taɓa iyalin kowa.

Golan ƙungiyar Obinna ne, haifaffen Sabon Gari. Wata Asabar ƙwallo ta zille masa ta tsakanin ƙafafu, aka ci su ɗaya da nema.

Kafin magariba zaure ya kama da wuta. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Faruk, mai shago a kasuwar Singa, wanda tare da shi aka kafa zauren. Ya ce Obinna sayar da wasan ya yi. Bai tsaya nan ba, ya saka lambar wayar mahaifiyarsa, ya ce a kira ta a tambaye ta.

Aka kuwa kira. Maman Obinna tana sayar da manja da busasshen kifi a kasuwa, da wannan lambar masu sayayya ke samunta, don haka ba ta iya kashe wayar. Kwana biyu tana shan zagi daga mutanen da ba ta taɓa gani ba. Obinna ya aiko wa Malam Hadi cewa ya ajiye safar hannu, ga shi saura mako biyu wasan da zai kai su gasar jiha.

Malam Hadi ya goge lambar, ya rufe zauren na yini ɗaya, ya kira Faruk ya nemi ya janye maganarsa. Faruk ya yi dariya.

"Malam, nan ba aji ba ne. Cire ni in ka isa."

Ya cire shi.

Faruk ya buɗe nasa zauren, ya ce babu doka, kowa ya faɗi son ransa. Fiye da rabin mutane suka bi shi. Aka yi ta yi wa Malam Hadi ba'a cewa ya zama admin na kujeru.

A kwana na biyar, da 'yan zauren Faruk suka rasa wanda za su zaga, sai suka koma kan junansu. Wani ya saka hoton ƙanwar Faruk ana ta sharhi. Faruk ya nemi a goge, aka tuna masa babu doka.

Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Da Faruk ya zo da kansa, Malam Hadi ya ce ba shi aka yi wa laifi ba, ya raka shi rumfar Maman Obinna.

Ta saurari ban haƙurinsa har ƙarshe. Sannan ta jawo masa benci, ta miƙa masa wayarta.

"Ɗana, har yanzu suna kira. Zauna ka amsa musu."

Haka ya yini a tsakanin jarkokin manja. Duk wanda ya kira da zagi sai ya ji an ce, "Ni ne Faruk. Ƙarya na yi." Masu neman kifi kuma ya miƙa mata. Wajen la'asar wayar ta yi shiru, Maman Obinna ta zuba masa shinkafa, ta ce ya ci kafin ya tafi.

Da Obinna ya ji abin da ya faru, ya fasa ajiye safar hannu, ranar wasa ya tsaya a raga. Ya tare fenariti a minti na ƙarshe, suka haye. Mamansa ce ta fara aiko da saƙon murya zauren, tana guɗa irin ta Kanawa.

Darasi: Dokar da ta hana ka zagin wani ita ce ke tsare naka iyalin. In kai admin ne, ka tsaya a kan gaskiya ko za a watse a bar ka. Ku tura wannan zuwa zaurukanku, musamman ga masu saurin yatsa.