Kebul ɗin Mahdi

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi. Na san kun ce ta zo mu ji ta.

Akwai wani mutum a Fassi, ƙasar Kibiya, sunansa Mahdi. Yana zaune da matarsa Ramlatu da 'yarsu Mufida da mahaifiyarsa Iya, wadda idonta ya yi rauni.

Iya tana da 'ya, Salamatu, tana aure a Fatakwal. In aka yi kiran bidiyo a waya, Iya ba ta ganin komai sai dishi-dishi. A faffaɗar fuskar kwamfutar Mahdi ce kaɗai take gane fuskar 'yarta. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce, ba ta kama intanet sai an haɗa ta da waya ta kebul ɗin USB.

Duk unguwar Mahdi ne kaɗai ya iya haɗin, kuma yana jin daɗin a jira shi. In zai yi, sai ya juya wa kowa baya.

Ramlatu ta sha ce masa, "Baban Mufida, ka nuna mini mana, ko don ranar da ba ka nan."

"Ke da tuwo ma sai kin ƙona? Bar wa masu shi aikinsu," in ji shi yana dariya.

Ana nan Salamatu ta haihu, aka sa wa jaririyar sunan Iya. A makon ne Mahdi ya tafi Rano bikin abokinsa. Ya ce in ya dawo a nuna wa Iya takwararta.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da Iya. Kafin la'asar ko kunu ba ta iya sha. Ta kamo hannun Ramlatu ta ce, "'Yar nan, kunna mini akwatin nan in ga takwarata."

Ramlatu ta kunna kwamfutar, ta cusa kebul a wayarta. Wayar ta kama caji, shi ke nan. Ta cire, ta hura, ta mayar. Ta kira maƙwabta, kowa ya latsa ya girgiza kai.

Sai ta kira Mahdi. Tana jin kiɗa a bayansa.

"Baban Mufida, jikin Iya ya yi tsanani. Faɗa mini inda zan taɓa."

"Ba abin faɗa a waya ba ne, ɓata mini kaya za ki yi. Iya ai ta saba da zazzaɓin nan. Gobe ina tafe."

Ramlatu ta kira Salamatu, ta kara wa Iya wayar dab da ido. Tsohuwa ta ƙura ido, ta ƙura, sannan ta ce, "Kukanta dai nake ji. Fara ce ko baƙa?"

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Mahdi ya iso ana haɗa gawar Iya.

Ranar uku Salamatu ta roƙi a haɗa ta da mutanen gida su yi wa juna gaisuwa. Mahdi ya zauna a tsakar gida. Ya sa kebul, ya shiga saitin waya, ya kunna wurin da ke tura intanet ta kebul. Nan take ga Salamatu rungume da jaririya, kowa na ganinta tangaran.

Ramlatu tana tsaye a kansa. Ta ce, "Abin ke nan gaba ɗaya?"

Bai ɗago ba. "Shi ke nan."

"Ka ga kuwa wannan da na iya."

Ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.

Darasi: Abin da ka iya, koya wa na kusa da kai tun kana nan. Ilimin da ka ɓoye don a riƙa nemanka, wata rana naka zai cutar. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya gyara.