Rigar da Ta Fito da Shuni

Akwai wani marini da yake da marina a bakin rafi, maƙwabcinsa kuwa majemi ne. Dukansu biyu a rafin nan suke zubar da ruwan aikinsu, na marini baƙi wuluk da shuni, na majemi kuma sai an toshe hanci. Can gangare akwai ƙauye. Da ruwan rafin suke sha, da shi suke ban ruwan lambu.

Da koke-koken mutane suka yi yawa, sai su biyun suka haɗa kai. Suka haƙa babban rami guda, suka shimfiɗa masa tsakuwa da yashi da gawayi, domin ruwansu ya tace kafin ya kai rafi. Suka yi alkawari a gaban mai gari cewa za su riƙa yashe ramin bi da bi, wata ɗaya wannan, wata ɗaya wancan. Marini mutum ne mai son a gani. Shi ya yi jawabi a ranar, shi ya kafa allo da sunayensu, nasa a sama. A majami'a ma sai da aka tsayar da shi aka tafa masa.

To, amma yasar rami ba jawabi ba ce. Watan farko da ya zo kansa, ya leƙa ya ga laka har gwiwa, ya ce bari sai gobe. Da ramin ya cika, sai ya fasa 'yar magudana a bayan marina, cikin ciyawa, ya riƙa sakin ruwansa kai tsaye duk ranar da aka yi ruwan sama. Ambaliya ta riƙa kwashewa, ba wanda ya gani. Damina ta wuce, shi kuwa hannunsa ya riga ya saba, bai toshe magudanar ba.

Da rani ya yi, albasar mutane ta fara ƙonewa, awaki suka kama zawo. Kowa ya ce majemi ne, tun da nasa ne mai wari. Mai gari ya ba shi wa'adi ya kwashe fatunsa ya bar bakin rafi bayan Ista. Majemi ya zo wurin marini ya ce, "Ɗan'uwa, kai ka san ina yashe nawa watan. Ka faɗa musu mana." Marini ya kau da kai, ya ce zai duba. Bai faɗa wa kowa komai ba, sai dai tun daga ranar tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ranar Ista aka fita baftisma a gurbin da ya rage a rafin. Cikin masu shiga ruwa har da 'yar marinin, sanye da farar rigar da shi da kansa ya saya mata. Fasto ya shiga, ita ma ta shiga, ƙafafunsu suka motsa lakar da ta kwanta a ƙasa. Da aka ɗago ta, sai ga rigar ta rine ta koma shuɗiya tun daga wuya har ƙasa.

Waƙa ta tsaya. Ko yaro ya san jima ba ta haifar da shuni. Marini ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Majemi ne ya tuɓe mayafinsa ya miƙa a lulluɓe ta. Wannan ya fi komai ƙona marini. Ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ku bar mutumin nan. Ni ne."

Ma'anar wannan misali ita ce, rafi halittar Allah ce da ya ba mu amana. Ramin nan shi ne yarjejeniyar da masana'antu da 'yan kasuwa suke ƙullawa don kare ruwa da ƙasa da lafiyar maƙwabta, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma Allah ba allo yake karantawa ba, watan yasa yake dubawa. Kai mai injin niƙa, ke mai sayar da abinci a bakin kwata, mu duka mun taɓa sa hannu a kan wani alkawari muka bar wa abokin tarayya nauyinsa, har da zarginsa. Idan kana da magudana a bayan gida, je ka toshe ta a makon nan, ka kuma wanke sunan wanda ake zargi dominka. Abin da ka sake a rafi yana nan kwance a ƙasa, 'ya'yanka ne kuwa za su shiga ruwan.